Wadda Ta Tofar da Zumar Ƙanƙara

Kofin gilashi ɗaya mai siririyar ƙafa, naɗe cikin safa. Gorar ruwan rijiya. Gurasa marar gishiri guda biyu. Farin ƙyalle. Ƙaramin kasko. Rigar sanyin da na dawo da ita daga ƙasar da na yi karatu. Iyakar kayana ke nan a rana ta uku, lokacin da hanya ta kai ni bakin wata kasuwa da babu abin da ke da inuwa a cikinta.

Sunana Barira, 'yar Tanimu Mai Amya, daga garin Kwarin Amya. Da zuma aka san garinmu. Tun zamanin kakanni akwai alkawari tsakaninmu da aljanun Dutsen Sanyi. Su suna sako iskar da ke buɗe wa ƙudan zumarmu furanni, mu kuma duk shekara goma sai mu aika mutum ɗaya ya ɗanɗana musu wani abin sha da suke kira Zumar Ƙanƙara. Gidajen masu amya ke karɓa-karɓa. Ba wanda ya taɓa dawowa. Bana abin ya faɗo kan gidanmu, kuma mahaifina ba shi da ɗa namiji, sai ya sa babbar rigarsa ya tafi da kansa.

Ni a lokacin ina wata ƙasa mai sanyi, inda na yi shekara tara ina koyon ɗanɗano. Aikina in kurɓi shayi ko zuma ko ruwan 'ya'yan itace in faɗi abin da ke ciki, da inda aka yi kuskure. Da na iso gida ya kwana arba'in da tafiya. Na tarar an yi sadaka an share ɗakinsa. Goggo Lantana, ƙanwarsa, wadda ta taɓa buge mini hannu don na shinshina kunu a gidan suna, ta ce in yi haƙuri kamar yadda kowa ya yi. Na ce mata to. Washegari da safe na ture ƙofar dutsen da ke bayan tsohuwar kuka na shiga.

A bakin kasuwar wata tsohuwa ce zaune, ƙafafunta irin na jimina, faifan goro a gabanta.

"Barka da isowa, 'yar Adam. Ga goro."

Goro yana kashe harshe yini guda. Na san haka. Na kuma ga mutanen da ke zagaya kasuwar ba tsayawa, takalmansu sun cinye, na gane su ne waɗanda suka ƙi karɓa. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ƙulle shi a bakin gyalena.

"Ba za ki ci ba?"

"Na karɓa, Iya. Na gode. Harshena yana da aiki a gaba."

Ta kalle ni da ido ɗaya, sannan da ɗayan.

"Wani dattijo ya wuce nan, mai tabon harbin zuma a wuya. Goro biyu ya ci, ya yi mini addu'a har da 'ya'yana."

"Mahaifina ne. Mutumin kirki ne."

"Ke fa?"

"Ni da aiki na zo."

Ta yi dariya har goro ya zube. Ta miƙa doguwar ƙafarta ta nuna mini hanya. Na ratsa rumfunan kilishi da yaji da daddawa, ana ta miƙo mini, ina karɓa ina ajiyewa a jaka, har jakar ta yi nauyi. A ƙarshen kasuwa na juye su duka a gaban wani kare mai kai biyu. Kawunan suka kama faɗa, na wuce.

Daga nan sai Kwarin Turare. Ƙasa ce mai tsagewa, kowace tsaga tana fitar da hayaƙi: hawi, sandal, miski, da wasu da ban san sunansu ba. Cikin hayaƙin akwai mata marasa fuska suna kiran matafiyi ya zauna ya huta. Wanda ya cika hancinsa da wannan ba zai sake bambanta nono da man shanu ba sai bayan wata guda. Na cusa hancina a lanƙwasar hannuna, ina shaƙar warin fatata, kamar yadda aka koya mana idan hanci ya gaji. Haka na yi tafiyar rabin yini, kamar mai kuka. Matan suka ɗauka makoki nake yi, suka ba ni hanya.

Sai hawan dutse. Ƙasa ta koma fara. A inda dusar ƙanƙara ta fara, wani aljani ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, mashinsa na wuta, ƙanƙara tana narkewa a kewayen ƙafafunsa.

"Tsaya, ke da aka gina da laka! Duk ɗan Adam da ya iso nan haƙoransa na kaɗawa. Me ya sa naki suka yi shiru?"

"Ranka ya daɗe, na zauna inda ya fi nan sanyi."

"Babu inda ya fi nan sanyi."

"Akwai. Can har gashin hanci yana daskarewa, kuma a haka ake fita aiki."

Na ga abin bai yi masa daɗi ba. Ya ɗage mashin.

Bayan kan dutsen ne gonar aljanun take. Kurangar inabi jeri-jeri har iyakar gani, ba ganye ko ɗaya, 'ya'yan sun yanƙwane sun daskare kamar tsakuwa. Da su ake yin Zumar Ƙanƙara. Aljanu ba sa iya taɓa su, don hannunsu wuta ne. Mutane ne ke tsinka. Na ga maza da dama, wasu da huluna irin waɗanda ba a ɗinkawa yanzu, kowa da kwando, kowa yana murmushi iri ɗaya. A jeri na huɗu na ga babbar rigar da na sani.

"Baba."

Ya juyo. Bai rame ba. Yatsunsa sun yi fari don sanyi, shi kuwa ko a jikinsa.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina jaririya bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Na tsaya ina jira ko zai faɗa. Bai faɗa ba.

"Baba, ni ce Barira. Amyoyinka sun cika, ba mai ɗiba."

"Da daɗi," ya ce. "Da daɗi ƙwarai." Ya koma tsinka.

Na gwada na kusa da shi, da na gaba. Duk abin da na tambaya, amsar ke nan. Ban yi kuka ba. Na ɗauki inabi ɗaya na matse shi tsakanin yatsuna har ya yi ɗigo guda, mai kauri, na shinshina. Sannan na nufi fada.

An sassaƙa fadar cikin ƙanƙara, amma mazaunanta wuta ne, don haka kullum bango yana zubar da ruwa kullum ana sake gina shi. A kan karaga Magajiya Zabiba take, mai gonar da dutsen. Siffarta ta mace ce, jikinta garwashi, harshen wuta ja yana tashi a kanta a madadin ɗankwali. A damanta Mai Tulu, wani ƙaton aljani mai gemun hayaƙi, rungume da tulu a ƙirjinsa.

Na yi sallama, na durƙusa, na faɗi sunana da na mahaifina.

"Garinku ya riga ya aiko," in ji Magajiya. "Mahaifinki ya sha, ya ce da daɗi. An sauke alkawari. Me ya kawo ki?"

"Ranki ya daɗe, na zo tafiya da shi."

Fada ta ɗauki dariya, tartsatsi yana tashi.

"Kafin a yi dariya ta biyu," na ce, "ina da tambaya. Shekara ɗari nawa kuna matsar inabin nan?"

"Ɗari uku."

"Yaya ɗanɗanonsa yake?"

Dariya ta tsaya. Wutar kan Magajiya ta yi ƙasa.

"Kin san ba mu sani ba, 'yar Adam. Kafin ɗigo ya taɓa harshenmu ya zama tururi. Kwando dubu ke cika tulu ɗaya, shekara goma yana kwance a rufe, kuma babu wanda ya taɓa jin sa a cikinmu. Don haka muka nemi masu harshen laka su faɗa mana. Mutum talatin sun zo. Kalma biyu muka samu."

"Giya ce?"

"Ba ta bugarwa. Ba ma ajiye abin maye a nan. Amma wanda ya haɗiye, zaƙin yana rufe duk abin da ya taɓa sani."

"To ga sharaɗina. Zan faɗa miki ɗanɗanonsa har ki ji shi a jikinki. Idan kin ji, ki ba ni mahaifina da hankalinsa. Idan ba ki ji ba, ki ba ni kwando in shiga cikin masu tsinka."

"Wa zai shaida na ji?"

"Ke da kanki. Ban ɗauka mai wannan gonar za ta yi ƙarya a kan abin da ta shuka ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Mai Tulu, zuba mata."

Mai Tulu ya ɗauko wata ƙwarya da za ta ci kunun mutum biyar, ya cika ta har baki, ya miƙo mini. Tururi yana tashi a kai.

"Haka ka ba mahaifina?"

"Haka muke ba kowane baƙo. Ba ma rowa."

"Ya shanye?"

"Tas. Ya kife ƙwarya ya gode. Mutanenku suna da ladabi."

Suna da shi. A garinmu ba a shinshina abin da mai gida ya ba ka, ba a rage shi, ba a kushe shi, ba a ma yawan magana a kansa. Ka sha, ka ce da daɗi, ka yi godiya. Na hango mahaifina durƙushe da wannan ƙwarya, yana shanyewa don kada a ce mutumin Kwarin Amya ya raina kyauta.

"Mayar da wannan," na ce. "Ba haka ake ba da shi ba."

Gemun Mai Tulu ya murtuke. "Yarinya, ina riƙe da tulun nan tun kafin a haifi kakan kakanki."

"Na gani. Ajiye shi ƙasa, ka ja baya taku bakwai."

Ya dubi Magajiya. Ta ɗaga yatsa. Ya ajiye.

Na ja tulun da kaina zuwa bakin ƙofa, na binne shi cikin dusar ƙanƙara har wuya. Na zauna a gefensa. Fada duka tana jira, ni ma ina jira. Na ci loma ɗaya ta gurasa, na kuskure bakina da ruwan rijiya sau uku. Da na taɓa tulun na ji ya yi sanyi irin na randa da asuba, ba wanda ke kashe haƙori ba, sai na zare kofin daga cikin safa na goge shi. Na zuba kaɗan, abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

"Wannan ne za ki sha?" in ji Mai Tulu. "Ko kaza aka ba wannan sai ta yi ƙorafi."

Na shimfiɗa farin ƙyalle, na karkata kofin a kansa don in ga launi.

"Ranki ya daɗe, wannan ke ma kina gani. Tsakiyarsa launin man shanu da aka soya, bakinsa ya fara komawa ruwan goro. Duba yadda yake gangarowa a jikin kofi, a hankali, kamar ba ya son sauka. Alamar kauri ke nan."

Magajiya ta sauko daga karaga taku biyu. Na ce ta tsaya nan, kada ta ɗumama mini kofi. Wani a cikin fadawa ya yi salati.

Na juya kofin sau uku, na kai hancina ciki.

"Tana shinshinawa!" in ji Mai Tulu. "Ranki ya daɗe, tana shinshina abin shanki kamar naman da ya kwana!"

"Bar ta."

Na shaƙa gajere sau biyu, dogo sau ɗaya. Sannan na kurɓa. Na riƙe shi a baki, na ja iska ta tsakanin haƙora, na kai shi gefen harshe, na kai shi baya.

Zan faɗi gaskiya. A shekara tara ban taɓa sa irinsa a bakina ba, kuma malaman da suka koya mini ba su taɓa ba. Maƙogwarona ya buɗe da kansa. Na ji sunan garinmu yana yin nisa, na ji ba laifi idan ya tafi. Na danna farcen babban yatsana a tafin hannuna har ya huda. Na jawo kaskon.

Na tofar.

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta biyo baya ba. Bango ɗaya ya narke ya zube. Mai Tulu ya zaro takobi, zafinsa ya ƙone mini gefen gyale.

"Shekara goma!" yana ihu. "Kwando dubu! A kasko, kamar majina!"

Magajiya ba ta yi ihu ba. Wutar kanta ta yi fari.

"'Yar Tanimu," ta ce, "ki faɗi dalilin da zai hana a mayar da ke toka."

"Mutum talatin sun haɗiye don girmama ki, ranki ya daɗe, kin samu kalma biyu. Wanda ya haɗiye ya sha wa kansa. Ni ke na ɗanɗana wa. Ki sa ya mayar da takobinsa, ɗanɗanon yana kan harshena, kuma ba zai jira ba."

Ta ɗaga hannu. Takobi ya koma.

Da zan ce mata dabino da kanya da ɗorawa, da na ɓata lokaci, don ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Sai na nemi abin da ta sani.

"Kin san idan aka ɗora busasshen icen magarya a kan garwashi, wutar takan lafa kamar za ta mutu, sannan ta kama shi gaba ɗaya, ba ƙara, ba hayaƙi? Haka yake shiga baki. Ba ya duka. Yana rufewa ne."

Magajiya ta rufe ido.

"Sai zaƙin ya hau. Kamar an zuba man shanu a wuta, ta miƙe ta yi tsawo, ta yi rawaya, ta cika ɗaki. A nan mai sha yake tsoron abin zai yi yawa, zai gundure shi. Daidai nan sai tsami ya zo, siriri, ta gefen harshe biyu. Kin san iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta taɓa wuta, wutar ta tsuke ta yi shuɗi, ta fi dā zafi? Shi ne. Sanyin dutsenki ne ya ajiye wannan tsamin a cikin inabi. Ba don shi ba, da abin nan maɗi ne kawai, da ban tako daga garinmu ba."

Wutar kan Magajiya ta tsuke. Daga ja ta koma rawaya, daga rawaya ta koma shuɗiya. Fadawa suka ja baya. Ita ba ta sani ba, idonta a rufe.

"Ci gaba," ta ce.

"Bayan ya bar baki bai tafi ba. Ga shi har yanzu. Kamar murhun da aka kashe tun hantsi, ka sa hannu a toka da la'asar ka ji ɗumi. Na ƙirga numfashi sittin, bai gushe ba. Ranki ya daɗe, na zaga ƙasashe, na ɗanɗana abin da manyansu ke alfahari da shi. Babu wanda ya kai wannan."

Wani ɗigo ya fito daga idonta ya zama tururi kafin ya kai kunci.

"Sai dai abu ɗaya," na ce.

Ta buɗe ido.

"A can ƙarshe akwai ƙauri. Kaɗan ne, kamar ƙasan tukunya. Ba daga gona yake ba, don na matsa ɗanyen inabi a waje na shinshina, babu shi. Wani ne yake rungumar tulun a ƙirjinsa yana dafa shi."

Duk fada ta juya ga Mai Tulu. Gemunsa ya yi ƙasa kamar hayaƙin ɗanyen ice.

"Don ƙauna nake rungumarsa," ya ce.

"Na yarda. Ka ƙaunace shi daga nesa."

Magajiya ta yi dariya, dariyar da ta sa ruwa ya zubo daga rufi.

"Na ji," ta ce. "Ku shaida, na ji. Shekara ɗari uku, yau na san abin da na shuka. A kawo Tanimu."

Aka shigo da shi da kwandonsa, yana murmushi.

"Zaƙin yana manne a harshensa," in ji Magajiya. "Zan iya ƙone shi. Hankalinsa zai dawo, amma ba zai sake jin zaƙin komai ba har ya mutu. Mai zuma ne. Kin yarda?"

"Na yarda. Ni zan riƙa ɗanɗana masa."

Ta sa ɗan yatsanta a kan harshensa. Ya yi ƙara ya faɗi, kwando ya kife. Na ba shi sauran ruwan rijiya. Ya sha, ya yi tari, ya dubi yatsunsa, ya dubi bango, ya dube ni.

"Uwata? Yaushe kika dawo? Wa ya bar ki kika zo nan?"

"Ba wanda ya bar ni, Baba. Tashi mu tafi."

Idonsa ya sauka kan kaskon.

"Mene ne wannan?"

"'Yarka ce ta tofar da Zumar Ƙanƙara a gaban Magajiya," in ji Mai Tulu. "Bayan ta shinshina."

Mahaifina ya dafe kai. "Inna lillahi. A gidan mutane? Wannan ne karatun da kika yi shekara tara kina yi?" Ya rarrafa gaban karaga. "Ranki ya daɗe, a yi mata afuwa. Wallahi ba tarbiyyar gidana ba ce. Can ta koyo."

"Can ta koyo da kyau," in ji Magajiya. "Tashi, Tanimu. A buɗe musu gajeriyar hanya."

Gajeriyar hanya wani rami ne a bayan karaga, taku ɗari, sai ga ƙofar dutsen da na shigo ta ciki, a buɗe, ana hango tsohuwar kuka da hasken la'asar. Ina gaba, mahaifina yana baya yana ta yi mini faɗa ƙasa-ƙasa. Na sa ƙafa ɗaya a waje, sai na ji murya.

"Malam Tanimu. Ba a sallami baƙo da busasshen baki ba."

Mai Tulu ne ya biyo mu. A hannunsa ƙaramin ƙoƙo, cike. Ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, kansa a sunkuye, ladabi kamar na ango a gaban surukai.

"Baba, kada ka karɓa. Idan ka haɗiye, ba mai sake ƙone maka shi."

"Uwata, mutum ya durƙusa mini."

"Da gangan ya durƙusa."

"Ko da gangan ne. Ni ban taɓa mayar da hannun mai gida ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Yana ciki, ina waje, kuma na san idan na fizge ƙoƙon zai nemi a sake zuba masa don ya wanke kunyar. Na tsaya. Babu abin da ya rage mini in yi.

Ya ɗaga ƙoƙon. Ya dube ni. Sannan, a hankali, kamar mai aikata abin da zai nemi gafara a kansa, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya kurɓa. Kumatunsa suka kumbura. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman inda mutumin kirki zai tofar. Babu. Sai ya furzar, rabi a ƙasa, rabi a gaban babbar rigarsa.

Ya goge bakinsa da hannun riga, ya miƙa wa Mai Tulu ƙoƙon da hannu biyu.

"Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara arziki," ya ce. "Ban ji komai ba. Amma 'yata ta ce akwai ƙauri, kuma idan ta ce akwai, akwai."

Ya tsallako. Na kama ƙofar dutsen da hannu biyu na ja, shi ma ya sa kafaɗa, ta rufe da ƙara a kan fuskar Mai Tulu.

Muka tsaya muna haki. Ƙudan zuma suna ta shawagi a kan kuka. Ya dubi rigarsa da ta ɓaci.

"Kada ki gaya wa Lantana," ya ce.

"Ba zan gaya mata ba. Amma gobe ka tara masu amya ka gaya musu an daina karɓa-karɓa. Daga yau ba namijin da zai sake shiga ƙofar nan. In shekara goma ta cika ni zan je, kuma da mutum ɗaya cikin masu tsinkar inabin nan zan fito."